Ƙwayar da Ke Cikin Kwalbar Yaya

La'asar ta yi sanyi, rana ta karkata bayan benen tsangayar kimiyya, lokacin da Yaya ta leƙo ofishin ɗalibai ta yafito Auta da hannu. Jaka a kafaɗa, makullin mota a yatsa, ɗaya hannun kuma ta dunƙule shi a kan wata 'yar kwalba.

"Autar Inna, zo in aike ki."

"Yau ma? Ashe har yanzu ban girma ba."

"Ko furfura kika yi, ni na goye ki. Miƙo hannu."

Gaskiya ta faɗa. Mahaifinsu ya rasu Auta tana rarrafe, Inna ta fita nema, Yaya ce ta yi goyo, ta yi wanki, ta yi tsawa. Ita ta fara shiga jami'a, ta zama malama a sashen ilimin sinadarai, sannan ta jawo ƙanwar ta bi sawunta. Yanzu Auta tana digiri na biyu a hawa ɗaya da ofishin yayarta, kuma in ka tambaye ta wa ta fi yarda da shi a duniya, ba za ta tsaya tunani ba.

Yaya tana da ciwon da kowa a sashen ya sani. Shekaru ta kwashe tana tace wani sinadari daga ɓawon itace, tana da yaƙinin sabo ne, ba wanda ya taɓa samunsa. Amma a sana'arsu ba a karɓar yaƙini. Sai abinka ya daskare ya zama lu'ulu'u, kamar yadda gishiri ko alif ke yin ƙwaya mai kusurwa, sannan a kai ƙwayar injin da zai nuna yadda ginin cikinta yake. Na Yaya ya ƙi. Kullum sai ya kwanta a gindin kwalba kamar kakin zuma. Ƙarin girmanta ya maƙale, waɗanda ta koyar suka zo suka wuce ta.

"Ta fito?" in ji Auta.

"Ta fito. Ƙwaya ɗaya tak. A tsohon kabad ɗin ɗakin ƙasa na same ta, cikin kwalbar da na manta tun kafin dogon hutu. Layina a inji ya zo yau da magariba, ga ƙaramin ɗana jikinsa zafi rau, babansu kuma ya yi tafiya."

Auta ta ɗaga kwalbar wajen taga. Cikin ruwa mai ɗan rawaya, abin yana kwance, ya kai girman wake. Gefensa tas kamar gilashi, tsakiyarsa da duhu.

"Yaya, wannan ai ta yi wa inji girma."

"Shi ya sa na ce ke. Sai an yanka. Hannunki ya fi nawa tsayuwa, ni kwanan nan karkarwa nake yi."

Auta ta lura yayarta ta rame, ƙasan idonta ya yi baƙi, kuma tun da ta miƙa kwalbar ba ta sake kallon wajen ba. Ta ɗauka gajiya ce. Yabon ma ya yi mata daɗi, don Yaya ba mai yawan yabo ba ce. Wanda ya rene ka ai ya san inda igiyarka take.

Ɗakin injin yana can ƙarƙashin bene, inda motsin mota ba ya girgiza ƙasa. Guda ɗaya ne a duk jami'ar. Masu magunguna, masu duwatsu, masu ƙarafa, kowa nan yake kawo ƙwayarsa ya bi layi. Tana sauka ta haɗu da mai kula da injin yana saɓa rigarsa a kafaɗa.

"Ƙaramar dakta. Ina babbar?"

"Yaro ne ba lafiya."

"Allah ya sawwaƙe. Ita ma dai, layinta ya sha zuwa tana ɗagawa. Na ce ko tsoron injina take ji." Ya yi dariya ya miƙa mata makulli. "In kin gama ki ja ƙofa. Kuma kar ki bar min reza a tebur, jiya wani ɗan sashen duwatsu ya kusa rage min yatsa."

Takunsa ya hau matakala ya ɓace. Daga nesa aka fara kiran salla. Auta ta ce a ranta bari ta ɗora ƙwayar, injin ya fara aiki, sai ta yi sallarta a gefe.

Ɗakin ba taga. Sanyi ne a ciki irin na firiji, da warin roba da na man inji. A tsakiya ga injin cikin kejinsa na gilashi, ya kai girman babban kabad ɗin tufafi. Aikinsa ba wuya a faɗa. Ana liƙa 'yar ƙwaya a kan tsinin allura, wani bututu yana hura mata hayaƙin sanyi don kar ta fashe. Sai a harba mata irin hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti, hasken da ido ba ya gani. Ya ratsa ta, ya tarwatse, ya fito ɗigo-ɗigo a fuskar kwamfuta. Daga yadda ɗigon suka jeru ake gane abin da ke ciki. Amma zaren hasken siriri ne, ƙwayar da ta fi shi kauri ba ta ba da amsa. Dole a rage ta.

Auta ta zauna gaban madubin ƙara girma. Ta ɗiga mai a kan faranti na gilashi, ta ciro ƙwayar da hantsaki ta kwantar a ciki. Ruwan da ya rage a kwalbar ta rufe ta ajiye, don shi ne ruwan da ƙwayar ta girma a ciki, ruwan uwa suke ce masa, ba a zubar da shi sai an gama.

Ta sa ido a madubi. Ba ta taɓa ganin mai kyau irin wannan ba. Duhun tsakiyar zagaye yake, da wasu siraran jijiyoyi a kewaye. Ta ce datti ne ya shige lokacin girma, yakan faru.

Ta ɗauki sabuwar reza. Ta zaɓi kusurwa. Ta riƙe numfashi, yadda Yaya ta koya mata, ta danna.

Lu'ulu'u in an yanka shi ƙas yake yi. Wannan bai yi ba. Reza ta nutse a hankali kamar a cikin dafaffen ƙwai. Wani ruwa ya tsattsafo daga wurin yankan, ya gangara cikin man, ya ƙi haɗuwa da shi.

Fitilar rufi ta ɗan rage haske ta dawo.

Auta ta ɗago ta duba bayanta. Ba kowa. Ta ɗauko ɗan ɓallin da allura, ta kai cikin kejin, ta daidaita shi ƙarƙashin hayaƙin sanyi, ta rufe gilashi. Ta danna maɓalli. Jar fitilar saman injin ta kama. Hannun ƙarfe ya fara juyawa da ɗan kukansa.

Ɗigon farko suka fito. Farare, masu kaifi, a jere kamar an shuka su da igiya. Auta ta yi murmushi, har ta kai hannu ga waya don ta yi wa Yaya albishir.

Sai ɗigon suka ɗauke gaba ɗaya. Suka dawo.

Ta matso da kujera. Suka sake ɗaukewa, daga sama zuwa ƙasa, suka sake dawowa, daga ƙasa zuwa sama. Injin da ya lalace ba haka yake yi ba.

Ƙiftawa ce.

Ta janye hannunta daga tebur. Sai a lokacin ta kula da bututun sanyi. Hucinsa ɗaya ne kullum, miƙaƙƙe, har kunne ya manta da shi. Yanzu yana ja, yana saki. Yana ja, yana saki.

Wari ya canja. Jiƙaƙƙiyar ƙasa, da ƙaurin gashi.

A jikin gilashin kejin ta ga inuwarta, farar riga, farin mayafi. Bayan inuwar akwai wata. Doguwa ce, sai da ta ranƙwafa kafin rufin ya ishe ta.

"Kashe wutar nan." Muryar ƙasa-ƙasa take, a bushe. "Tana ƙona ni."

Auta ta buga jan maɓalli da tafin hannu. Injin ya tsaya. Bakinta yana motsi, amma Ayatul Kursiyyu da ta haddace tun tana ƙarama ta tsaya mata a farkon layi.

"Ba ni ƙwayata."

"Ta... ta Yaya ce. Sinadarinta ne."

"Juyo."

Ta juyo. Ba ta iya tuna tufafin matar ba daga baya, ko ƙafafunta. Fuskar kawai. Ido ɗaya a dama, yana kallonta ba ƙiftawa. A hagu rami ne, hayaƙin sanyi yana fitowa daga ciki a hankali.

"Ta ce miki ƙwaya ce. Ba ta yi ƙarya ba, ba ta dai ƙarasa ba. Ƙwayar idona ce."

Auta ta dafa tebur.

"Kafin ku zuba siminti muna nan," in ji matar. "Muka matsa muku. Kuka kawo hasken da ku ba kwa gani, mu muna gani. Ya dafa min ido. Na cire na jiƙa a kwalbar da ke kabad, ya huce. Sinadarin yayarki ya taru a kai. Ta zo ta ɗauke."

"Ba ta sani ba. Wallahi ba ta sani ba."

"Na je mata a barci. Na je mata ido biyu. Na ce ta mayar, ta ce shekarunta ne a ciki. Na ce to, hannun da ya yanka, idon mai shi zan cire." Matar ta karkata kai, wuyan ya yi ƙara kamar busasshen reshe. "Sai ta ce, ko hannun waye?"

"Ƙarya ne."

"Tambaye ta."

Wayar tana kan tebur kusa da reza. Auta ta ɗauka ta kira Yaya. Bugu ɗaya aka ɗauka, kamar an zauna ana jira.

Ba sallama. Ba gaisuwa.

"Kin yanka?"

A bayan muryar akwai ƙarar talabijin. Akwai takun gudu a kan tayil, da dariyar ƙaramin yaron nan mai zafin jiki, yana ƙyalƙyalawa yayunsa suna bin sa.

"Yaya," in ji Auta. "Akwai wata a nan."

Auta ta jira a ce wace ce. Duk mutumin da bai sani ba, abin da zai fara tambaya ke nan.

Yaya ba ta tambaya ba.

"Ki yi addu'a, Auta," ta ce cikin raɗa. "Ki yi ta addu'a."

Layin ya katse.

Tsoro bai tafi ba, amma wani abu ya hau kansa ya zauna, mai nauyi, mai sanyi. Auta ta ajiye wayar a hankali. Da ta ɗago, matar ta matso. Ba a ji taku ba. Hannu yana tahowa, yatsu dogaye, gaɓoɓinsu sun fi na mutum yawa.

"Tsaya," in ji Auta. "Bari in haɗa miki."

Hannun ya tsaya a iska.

"Ɓallin yana nan. Ruwan uwa yana nan. Ni na yanka, na san yadda ya fita."

Bututun ya ja numfashi.

"Haɗa."

Ta buɗe gilashin kejin. Ɓallin yana kan tsinin allura, bai kai ƙwayar gishiri ba. In ya faɗi ƙasa, har abada. Ta zare allurar, ta tallafe ta da hannu biyu, ta taka zuwa tebur kamar mai ɗauke da cikakken kwano.

Don ta yi aiki dole ta sa idanunta biyu a madubi. Don ta sa idanu a madubi dole ta ba matar baya.

Ta ba ta baya.

Sanyi ya sauka a ƙeyarta. Wani abu kamar gashi ya taɓa kafaɗarta.

A cikin madubi, babbar ƙwayar ta juya cikin man da kanta. Duhun tsakiyar ya daidaita da ita. Yana kallonta.

Ta tura ɓallin da tsinin allura. Ya zame. Ta dawo da shi. Gumi ya gangaro ya tsaya a girarta, ba halin sharewa.

Ta juya shi kaɗan. Ya zauna.

Ta ɗiga ruwan uwa. Ɗigo ɗaya. Bakin yankan ya fara rufewa, kamar ƙanƙara tana kama ruwa.

Ya rufe, saura wata 'yar kafa a gefe. Abin da bakin reza ya murƙushe, ya narke cikin mai. Babu inda za a samo shi.

Dogayen yatsun suka zo ta kan kafaɗarta suka ɗauke ƙwayar. Aka ji wani sauti kamar an cusa toshi a bakin tulu.

Hayaƙin ya daina sauka a wuyanta.

"Akwai gefen da babu."

"Reza ce ta ci. Na yi iyakar..."

"Na ga kin yi. Ba zan zalunce ki ba. Ba zan kuma yafe ba. Daidai abin da ya ɓace."

Yatsa ɗaya ya zagayo. Ya sauka a kan idonta na hagu.

Kamar an soka allurar ƙanƙara har cikin ƙwaƙwalwa.

A nan ayar ta dawo mata. Ta fito da ƙarfi, a guje, kalma na bin kalma. Ta ture kujera. Ƙofa. Makulli ya faɗi, ba ta tsaya ba. Matakala da hannu da gwiwa. Bayanta fitilu suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya.

A bakin benen ta faɗi, daidai lokacin da mutane ke dawowa daga salla. Suka ɗauka sinadari ne ya fantsar mata a ido, suka yi ta wanke mata da ruwa.

Likitan ido ya duba da duk kayan da yake da su, ya ce ido lafiya lau. Auta ba ta yi masa musu ba. Amma tun daga ranar akwai wani yanki a gefen hagu na ganinta, siriri, mai kusurwa, inda babu komai. Ba baƙi ba ne, ba fari ba. Abin da ya shiga wurin ya ɓace, sai ta juya kai. Aikin madubi da take taƙama da shi ya zama na rabin awa, sai ciwon kai ya tashe ta. Ta koma ɓangaren lissafi a kwamfuta, ba ta sake sauka ɗakin ƙasa ba.

Yaya ta zo asibiti da safe, da ledar lemo da jajayen idanu. Ta jira Inna ta fita neman ruwan zafi, sannan ta zauna a bakin gado.

"Ban ɗauka da gaske za ta yi ba."

"Da ba ki ɗauka ba, da kin yanka da kanki."

Yaya ta sunkuyar da kai tana murza zobenta. "Ina da yara, Auta. In na makance wa zai riƙe su? Ke ba kowa a kanki. Kuma ga shi Allah ya taƙaita."

Auta tana kallon hannun nan da ya yi mata wanka, ya yi mata kitso, ya riƙe nata ranar da aka fara kai ta makaranta.

Yaya ta leƙa ƙofa, ta ƙara rage murya.

"Kafin ki kashe injin... ya ajiye wani abu?"

Ya ajiye. Mai kula da injin ya ga hotunan farko tun da sassafe, ya ce bai taɓa ganin ɗigo masu tsabta haka ba, ko kaɗan ɗin da aka samu zai iya isa. Ya tambayi Auta ta waya ko ya tura wa babbar dakta. Auta ta ce ita ta buɗe aikin da sunanta, don haka ya goge. Ya goge.

"Bai ajiye ba," in ji Auta.

Ba ta gaya wa Inna ba, har yau. Tsohuwar tana da hawan jini, kuma ba ta da abin alfahari a duniya sai 'ya'yan nan biyu. Ta dai ga sun daina shiga mota ɗaya, takan yi ta faɗa, naka sai naka, me ya yi zafi tsakanin ciki ɗaya. Auta takan ce ba komai, Inna, aiki ne. Masu cewa naka sai naka su ne kuma suka ce naka shi ke ba da kai, amma wannan rabin ba a faɗa wa uwa.

Auta ba ta ƙaurace wa gida ba. Duk ƙarshen mako tana zuwa, ta gaida kowa, ta ɗauki ƙaramin yaron ta yi masa wasa, don shi bai yi mata komai ba. In Yaya ta yi magana takan amsa, da ladabi, ba ta taɓa ɗaga mata murya ba. Sai dai in za a zauna cin abinci, takan tsaya ta ga inda Yaya ta zauna tukuna. Sannan ta zaɓi wurinta, ta gyara zama, ta ɗan karkata kai, har sai yayar tata ta faɗa daidai cikin wancan yankin na hagu.

Daga nan sai ta ci abincinta.